Gashin Jatan Lande A Gida: Hannun Mai Tsire Ba Ya Yi Masa

A shekarun baya, in aka ambaci jatan lande a Kano ko Zariya ko Sakkwato, abin da ke zuwa zuciyar mutum shi ne ɗan busasshen nan mai ƙarni da ake aunawa da gwangwani a kasuwannin Sabon Gari, wanda ake dakawa a zuba a miya, 'yan kasuwa kuma suke kiransa kirefish. Ɗanyensa kuwa, mai girman yatsa ko fiye, sai wanda aiki ko karatu ya kai bakin teku ne ya taɓa ganinsa. Amma tun daga 1973, shekarar da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, ɗaliban Arewa masu yawa sun yi zaman shekara guda a Kalaba da Fatakwal da Warri da Legas, ma'aikatan gwamnatin tarayya kuma ba su rabu da canjin wurin aiki ba. Da yawansu sun komo gida da ɗanɗanon gasasshen jatan lande a bakinsu. Yau ga shi daskararre cikin leda a manyan kantuna da ɗakunan sanyi na masu sayar da kifi a Abuja da Kaduna da Kano, wani ɗanye, wani kuma an riga an dafa shi.

Sai dai samun abu daban, iya sarrafa shi daban. Maigidan da ya kashe kuɗi masu kauri ya sayo leda guda don ya burge iyali ko baƙi yakan gamu da ɗayan abu biyu. Ko dai abin ya sauko daga wuta ya yi tauri kamar roba, ana tauna ana tsaki, ko kuwa a ci lafiya da dare, gari ya waye mutanen gida suna murɗar ciki da gudawa. Tushen duka biyun guda ne, watau ɗaukar jatan lande tamkar naman sa ko na rago. Nama yana jure daɗewa bisa wuta, yana kuma ɗan jure jira a kan teburin mahauci. Jatan lande ba ya jure ko ɗaya. Wuta kaɗan yake so, sanyi kuwa ba ya isarsa.

DAGA INA YAKE ZUWA?

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai tsawon kilomita 853, daga kan iyakar Jamhuriyar Benin zuwa kan iyakar Kamaru, kuma a inda koguna ke zuba laka cikin teku nan jatan lande ya fi yawa. Ƙananan, waɗanda ake busarwa da hayaƙi a kawo Arewa cikin buhuna, masunta ne ke kamo su da kwale-kwale, garin Oron na Jihar Akwa Ibom kuwa ya yi suna wajen cinikinsu. Manyan, waɗanda suka cancanci gashi, galibi jiragen ruwa masu jan koma ne ke kamo su a can cikin teku, a daskarar da su tun a cikin jirgin, akasarinsu kuma a fitar da su zuwa ƙasashen Turai. Dokar kamun kifi a teku ta 1992 ta hana irin waɗannan jirage jan koma a cikin mil biyar na farko daga gaɓa, don a bar wa ƙananan masunta wurin neman abinci.

Iri biyu ne suka fi shahara cikin manyan. Akwai ɗan ƙasa, mai launin ja-ja mai haske ko da yana ɗanye. Akwai kuma baƙo mai zane-zane a gadon baya, wanda Turawa suka yi wa laƙabi da sunan damisa saboda zanen nan, asalinsa kuwa tekun Indiya da tekun Fasifik ne. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya fara bayyana a komar masuntan ƙasar nan, yakan kuma kai tsawon santimita 30.

Maƙwabciyar ƙasar nan ta gabas ma daga wannan halitta ta samo sunanta. A 1472 matuƙan jiragen ruwa na Fotugal suka isa bakin kogin Wuri, inda birnin Duwala yake a yau, suka tarar da wani irin jatan lande maƙil a ruwan, sai suka sa wa wurin suna Kogin Jatan Lande da harshensu. Kalmarsu ta “camarões” ita ce ta rikiɗe ta zama Kamaru. Garin Kribi da ke gaɓar ƙasar ya shahara da gasasshen jatan lande, wanda mata ke gasawa a bakin ruwa ba da daɗewa da fito da shi ba.

Nan ne bambancin yake. Mai gashi a Kribi ko Kalaba tana da teku a gabanta. Uwargida a Kano kuwa, abin da ke hannunta ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Legas a cikin mota, ya kwana a ɗakin sanyi, ya sake kwana a firizar kanti, a kowane zango kuma lafiyarsa ta rataya ne ga wutar lantarki ko man janareta.

Ga mai tambayar hukuncin cinsa, mazhabar Malikiyya da galibin mutanen Afirka ta Yamma ke bi ta halatta cin dabbobin ruwa, jatan lande kuwa yana cikinsu.

A KANTI AKE FARA GASHI

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne rubutun jikin leda, ko ɗanye ne ko dafaffe. Launi kaɗai ba ya isa shaida. Gaskiya ne galibin ɗanyen jatan lande toka-toka ne, yana ɗaukar ido kamar gilashi, dafaffe kuma ja-ja ne da farin tsoka, amma kamar yadda aka faɗa a sama akwai irin da ke da ja tun yana ɗanye. Wanda ya ɗauki ɗanye a matsayin dafaffe ya ɗan ɗumama shi ya ci, ya ci ɗanyen abu ke nan.

Sa'an nan akwai lambobi biyu da ake bugawa a jikin ledar, kamar 16/20 ko 31/40. Ma'anarsu yawan ƙwayoyin da ke cikin laba guda, watau giram 454. Lamba ƙarama na nufin manya. Don gashi bisa waya, daga 21/25 zuwa abin da ya fi shi girma ne ya dace, domin ƙananan sukan bushe kafin a juya su, ko su zurare ta ramin waya su faɗa wuta.

Abu na uku shi ne mafi muhimmanci, kuma hannu ne ke gano shi. A ɗaga ledar a girgiza. In an daskarar da su ɗai-ɗai, ya kamata a ji suna motsi kamar tsakuwa. In kuwa sun dunƙule sun zama curi guda, ko an ga garin ƙanƙara ya taru a cikin ledar, ko wani ruwa mai launi ya daskare a gindinta, to alama ce ta cewa kayan sun taɓa narkewa aka sake daskarar da su. Irin wannan a bar wa mai kanti abinsa, ko da ya rage kuɗi, gama araha ba ta ado. Bayan an narkar kuma hanci ne alƙali. Lafiyayyen jatan lande ƙanshin ruwan teku yake yi. In ya buga wani wari mai hawa kai kamar na tsohon fitsari, ko jikinsa ya yi yauƙi, ko tsokar ta yi laɓo-laɓo, ya lalace, babu yajin da zai ceto shi.

Wanda ya saya, ya sa wannan ya zama sayayyarsa ta ƙarshe kafin ya kama hanyar gida, in da hali ya tafi da kula da ƙanƙara. Barin ledar a bayan mota cikin zafin bazara a shiga ofis ko a tsaya gaisuwa, shi ne mafarin yawancin ɓarna.

SHIRI KAFIN A HURA WUTA

Hanyar narkarwa biyu ce. Ko a sauko da shi daga firiza zuwa firji tun daren jiya, a cikin kwano mai murfi, ko kuwa a tsoma ledar a ɗaure cikin ruwan sanyi na minti 20 zuwa 30. Ba a shanya shi a rana, ba a kuma zuba masa ruwan zafi, domin bayansa zai yi ɗumi ƙwayoyin cuta su fara hayayyafa alhali cikinsa na daskare.

In mai kai ne, a yi hattara da tsinin da ke goshinsa, yana huda yatsa. A gadon bayansa akwai wani baƙin zare, wanda shi ne hanjinsa. A tsaga bayan kaɗan da wuƙa ko almakashi a zaro shi da tsinken sakace, don yakan ƙunshi yashi ya ɓata ɗanɗano. Ɓawon kuwa ya fi kyau a bar shi in za a gasa bisa garwashi, saboda yana tare zafi, yana kuma riƙe ruwan jikin tsokar. Masu son yaji ya ratsa sai su tsaga bayan su cusa haɗin ta nan. Bayan an wanke, a tsane shi sosai da tsumma mai tsabta, domin jiƙaƙƙen jatan lande turara yake yi bisa wuta maimakon ya gasu.

Haɗin bai buƙaci kaya da yawa ba. Man gyaɗa cokali biyu ko uku ga rabin kilo, da dakakkiyar tafarnuwa, da ɗanyar citta, da attaruhu gwargwadon bakin masu ci, da gishiri kaɗan, sun wadatar. Mai son masoro ko kimba ya sa ɗan kaɗan, kada su danne zaƙin tsokar. Minti 15 zuwa 30 a cikin firji ya isa haɗin ya kama. Lemun tsami kuwa a ajiye shi sai an sauke, gama tsaminsa yana taurara tsokar kamar yadda wuta ke yi, in ta daɗe a cikinsa sai ta fara dagargajewa. Yajin tsire mai ƙuli-ƙuli yana dacewa da jatan lande ƙwarai, amma ƙuli-ƙuli na saurin ƙonewa ya yi ɗaci bisa wuta mai ƙarfi, saboda haka a shafa kaɗan kafin gashi, a barbaɗa sauran bayan an sauke.

Tsinkayen itace a jiƙa su cikin ruwa na rabin sa'a don kada su kama wuta. Wata dabara mai amfani ita ce a soke kowane jere da tsinke biyu a gefen juna, ɗaya ta wajen kai ɗaya ta wajen wutsiya, yadda in an zo juyawa ba za su riƙa wulwulawa a jikin tsinken ba.

BISA GARWASHI

Mai tsire yakan kafa tsinkayensa kewaye da tukuba, nesa kaɗan da wuta, ya bar zafi ya ratsa naman a hankali yana yayyafa mai. Jatan lande akasin haka yake so, watau zafi mai ƙarfi na ɗan lokaci. Dalili kuwa shi ne tsokarsa ba ta da kitse, ba ta kuma da jijiyar da sai an daɗe ana dafawa take laushi. Kimanin kashi uku cikin huɗu na nauyinta ruwa ne. Da zarar zafi ya wuce kima sai zaren tsokar ya tsuke ya matse ruwan nan waje, abin da ya rage kuma shi ne robar da ake kuka da ita.

A hura gawayi a kurfoti, a jira harshen wuta ya kwanta, garwashin ya yi ja da farar toka a samansa. Gwajin zafi mai sauƙi ne. A ɗora tafin hannu kimanin taƙi guda sama da waya, in ba a iya jurewa fiye da daƙiƙa biyu ko uku ba, wutar ta yi. A tura garwashin gefe guda a bar ɗaya gefen babu wuta sosai, don a sami wurin janye abin da ya riga ya gasu. A goge wayar, a shafe ta da mai, sa'an nan a jera tsinkayen.

Manya suna bukatar minti biyu zuwa uku a kowane gefe, matsakaita kuwa ba su kai haka ba. Juyi ɗaya ya isa. Wannan ba lokacin shiga ɗaki ɗauko faranti ba ne, ko amsa sallama a ƙofar gida, domin tazarar da ke tsakanin gasasshe da ƙonanne ba ta wuce minti guda ba. Duk abin da za a bukata a ajiye shi kusa tun kafin a ɗora.

Alamun nuna a bayyane suke. Launi zai juya daga toka-toka zuwa ja, saboda akwai wani sinadarin launi a ɓawonsa wanda ke ɗaure da furotin, zafi kuma shi ke kwance ɗaurin har jan ya bayyana. Tsokar za ta daina ɗaukar ido ta zama fara har tsakiya. Siffarsa ma tana magana. In yana miƙe bai nuna ba, in ya lanƙwashe kamar lauje ya yi daidai, in kuwa kai ya haɗu da wutsiya ya zama zobe, an wuce wurin. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta sa digiri 63 na ma'aunin Salshiyos a matsayin zafin da ya kamata tsakiyar abincin teku ta kai. Wanda ba shi da ma'auni ya tsaga mafi girma daga cikinsu ya duba cikinsa.

Wani kuskure da ake yawan yi a nan shi ne mayar da gasasshen cikin kwanon da ɗanyen ya fito, ko shafa masa ragowar haɗin da ɗanyen ya jiƙu a ciki. A tanadi faranti daban mai tsabta, ragowar haɗin kuma a zubar ko a tafasa shi sosai kafin a kai shi baki.

ƊUMAMA WANDA AKA RIGA AKA DAFA

Bahaushe ya saba da ɗumame. Tuwon jiya da miyarsa, in sun sha wuta da safe, wasu ma sun fi son su a kan sabo. Jatan lande ba ya cikin abincin da ɗumame ke ƙara wa daɗi, domin duk daƙiƙar da ya ƙara bisa wuta ci gaba ne da dahuwar da ta riga ta kammala. Ga kuma ka'idar lafiya tana jan mutum ta ɗaya ɓangaren, gama Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ka'idoji biyar na kiyaye abinci da ta fitar a 2001, ta ce a ɗumama dafaffen abinci sosai, hukumomin Amurka kuma suka sa digiri 74 ga ragowar abinci. Aikin mai ɗumamawa shi ne ya kai zafin nan har tsakiya cikin ɗan lokaci, ba tare da ya busar da tsokar ba.

Dafaffen jatan lande iri biyu ne, kowanne da hanyarsa. Na farko shi ne na leda, wanda aka dafa a masana'anta aka daskarar. A narkar da shi a firji, a tsane shi, a shafe shi da mai sosai, domin mai shi ne rigar da za ta hana shi bushewa. A jera su a tsinke a matse da juna, ƙirjin wannan a bayan wancan, yadda jeren zai zama kamar yanka guda mai kauri. A ɗora bisa garwashi mai ƙarfi, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowane gefe, iyakar ya ɗauki zafi da ƙanshin hayaƙi. Jiƙa shi cikin haɗi kafin gashi ba ya da wani amfani, don dafaffiyar tsoka ba ta shan haɗi. Abin da ya fi shi ne a soya tafarnuwa da attaruhu cikin ɗan mai ko man shanu, a kwarara masa da zarar an sauke, a matsa lemun tsami. Ƙananan nan ɓararru kuwa ba na gashi ba ne sam. Wurinsu soyayyar shinkafa ko taliya, a zuba su ana gab da saukewa.

Na biyu shi ne ragowar gashin jiya. Wannan ya riga ya rasa wani ɓangare na ruwansa, mayar da shi bisa waya tsirara kuwa zai ƙarasa shi. A shimfiɗa takardar alminiyam ta naɗe abinci, a zuba su a baje, kada a tsiba, a sa ɗan mai da yankakkiyar albasa da cokali guda na ruwa, a naɗe bakin sosai. A ajiye ƙunshin a gefen da wuta ba ta da ƙarfi na minti huɗu zuwa biyar. Tururin da ke ciki shi ke ratsa su ba tare da sun bushe ba. Inda babu takardar, ganyen ayaba da aka ɗan gasa ya yi laushi yana yin aikin. In an buɗe, a tsaga mafi girma. Matuƙar tururi na fita daga tsakiyarsa, yatsa kuma bai iya riƙe shi ba, ya ɗumamu.

Sau ɗaya ake ɗumamawa. A ɗebi iyakar abin da za a ci, sauran ya ci gaba da zama a firji, abin da ya saura daga ɗumamen kuma a zubar.

ABIN DA WUTA BA TA GYARAWA

Tambayar da ta fi ta yadda za a ɗumama muhimmanci ita ce, ina abin ya kwana? A ruwan teku mai ɗumi akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Vibrio parahaemolyticus, wadda ke manne wa jatan lande da kaguwa da kawa. Wani masani ɗan Japan, Tsunesaburo Fujino, shi ya gano ta bayan wata annoba a yankin Osaka a 1950, inda mutum 272 suka kwanta bayan cin wasu ƙananan kifaye, 20 daga cikinsu suka rasu. Tana cikin ƙwayoyin cuta mafiya saurin hayayyafa. A ɗumi irin na ɗakin girki takan ninka kanta cikin minti 15 ko ƙasa da haka, watau ƙwaya ɗaya ta haura 4,000 cikin sa'a uku.

Dahuwa tana kashe ta, amma tana iya komowa ta bayan gida. A watan Agusta na 1972, a garin Covington na Jihar Luwiziyana ta Amurka, kimanin mutum 1,200 suka halarci wata walimar jatan lande, wajen rabinsu suka kamu da gudawa. Binciken da aka yi ya nuna cewa an dafa abincin, amma sai ya yi sa'o'i ba tare da sanyi ba kafin a ci. Haka nan a ƙasar Holan, a ƙarshen 1983 zuwa farkon 1984, tsofaffi 14 suka rasu da ciwon atuni bayan cin dafaffen jatan lande ɓararre da aka shigo da shi daskararre daga Asiya. Darasin da ke ciki shi ne kalmar dafaffe a jikin leda ba ta nufin babu hannun da ya taɓa shi bayan dahuwar, ƙanƙara kuma ba ta kashe ƙwayoyin cuta, sa su barci kawai take yi. Shi ya sa ɗumamawa har tsakiya ta fi cin sa da sanyi aminci.

Akwai kuma haɗarin da ko ɗumamawar ba ta kawarwa. Wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar ɗan Adam da cikin hancinsa, in ta sauka a kan dafaffen abinci ta sami ɗumi, takan zuba wani dafi wanda tafasa ba ta lalata shi. Wuta za ta kashe ƙwayar, dafin ya saura, mai ci ya kama amai cikin rabin sa'a zuwa sa'a takwas. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a waje, a ajiye shi ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60. Hukumomin Amurka sun rage wa'adin zuwa sa'a guda in zafin gari ya haura digiri 32, wanda a watannin Maris da Afrilu a Arewa abu ne na kullum.

Ga gidajen ƙasar nan, ɗauke wutar lantarki shi ne babban abin lura. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa na kimanin sa'a huɗu bayan an ɗauke wuta. Firiza cikakkiya takan kai sa'a 48, wadda ke rabi kuwa sa'a 24. A inda wuta ba ta yankewa, ɗanyen jatan lande na iya kwana ɗaya zuwa biyu a firji, dafaffe kuma kwana uku zuwa huɗu. A inda take zuwa tana tafiya, wannan lissafi bai tsaya ba, abin da ya fi shi ne a gasa iyakar abin da za a cinye a zama guda. Girman al'amarin ya fito a rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015, inda ta ƙiyasta cewa a yankin Afirka gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 91 a shekara, yana kashe 137,000.

Wanda gudawa ta kama bayan cin abincin teku ya dage da shan ruwan gishiri da sukari. Galibi ciwon na wucewa cikin kwana uku. In an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana ruwa zama, ko kuwa mai ciwon yaro ne ƙarami ko tsoho ko mai juna biyu, a nufi asibiti ba tare da jinkiri ba.

WAƊANDA YA KAMATA SU YI HATTARA

Jatan lande abinci ne mai gina jiki, gama giram 100 na dafaffensa na ɗauke da furotin kimanin giram 24, kitse kuwa ɗan kaɗan. Duk da haka ba kowane jiki ke karɓarsa ba. Yana cikin abincin da suka fi tayar da borin jini, sinadarin da ke haddasa hakan kuma yana cikin tsokar, wuta ba ta lalata shi. Alamun sukan fara da ƙaiƙayi da kumburin leɓe ko fuska. In abin ya kai ga shaƙewar murya ko wahalar numfashi, rai na cikin haɗari, sai a garzaya asibiti nan take. Ya kamata mai masauki ya tambayi baƙinsa kafin ya ajiye musu, wanda kuma kirefish ke tayar masa da ƙaiƙayi ya san cewa dangi ɗaya ne.

Masu ciwon hanta da masu ciwon sukari da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su guji cin wanda bai nuna sosai ba, su kuma guji gyaran ɗanye in akwai rauni a hannunsu. Akwai wata 'yar'uwar ƙwayar cutar da aka ambata a sama wadda ke shiga jini ta baki ko ta rauni, a jikin irin waɗannan mutane kuwa takan yi kisa cikin kwanaki kaɗan.

Gawayin kansa ma abin kiyayewa ne. Yana fitar da wata iska mai guba marar launi marar wari, wadda ke sa ciwon kai da jiri, ta kuma kashe mutum cikin barci. A tsakar gida ko a fili ake gashi. Shigar da kurfoti cikin ɗaki ko rufaffen kicin, musamman lokacin hunturu da ake toshe tagogi, ya sha jawo asarar rayuka.

Lalle gashin jatan lande ba shi da wuya, minti biyar ko shida ne bisa wuta. Sauran aikin duk yana wajen sanyi, tun daga firizar kanti har zuwa kwanon da ragowar za ta kwana a ciki. Ɗalibin da ke zaune a ɗakin kwanan makaranta ba shi da firji, da ma'aikacin da unguwarsu ke kwana biyu babu wuta, su saya ranar da za su gasa, su gasa abin da za su cinye. Ledar da aka yi shakkar inda ta kwana kuwa, zubar da ita ya fi arha a kan kuɗin gadon asibiti.